Kwas a Waje, Gini a Adar

A shekarar 1986, a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, an raba kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine ga ayyuka shida. A cikinsu akwai gyaran da aka yi wa masallacin Ƙudus, da raya tsohon garin Mostar, sai kuma wani masallacin ƙasa da ke ƙauyen Yama, wajen Badagishiri, kudu da Tawa, a ƙasar Adar ta Nijar. Alhaji Falke Barmu ne ya gina shi, manomi kuma magini, wanda ba a aji ya koyi sana'arsa ba. A 1962 mutanen gari suka ɗora masa aikin: wasu suka buga tubali, wasu suka jido ruwa, wasu suka kawo itace. A 1975 da rufin ya nemi gyara sai ya mai da shi na baka, ya ɗora ƙubba a tsaka, daga baya ya tada hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da kamarta, har aiki ya kammala a 1982. Tun daga nan hoton masallacin Yama ya shiga littattafan da ake karantar da masu zanen gini a Turai da Amurka.

Wannan tarihi ne ya sa tambayar da ke yawo tsakanin matasanmu masu zanen gini da injiniyoyi take da ɗan nauyi a Adar fiye da wani wuri. Kusan kowane wata sai sanarwa ta faɗo cikin waya: kwas na kwana goma, na mako biyu, na wata guda, a Faransa ko Indiya ko ƙasar Larabawa, a cika takarda a aiko kafin ranar kaza. Mafi yawan waɗanda suka shafe mu kuwa a kan ginin ƙasa suke. To, ɗan Tawa ko ɗan Keita da ya tashi cikin ɗakin laka, me zai je ya ɗauko a can wanda babu shi a nan, kuma wa ya kamata ya tafi?

Kwasa-kwasan nan ba iri ɗaya ba ne. A Grenoble ta Faransa akwai cibiyar CRAterre, wadda aka kafa a 1979, kuma ita ce ta fi kowa suna a binciken ginin ƙasa cikin masu magana da Faransanci. Ita da hukumar ICCROM da ke Roma sun yi ta shirya gajeren horo kan adana tsoffin gine-ginen ƙasa tun 1989, daga baya aka kai shi Chan Chan ta ƙasar Peru a 1996 da 1999. Daga 1998 zuwa 2009 an yi shirin Africa 2009, wanda ya riƙa tara ma'aikatan adana kayan tarihi na ƙasashenmu na tsawon wata uku, wata shekara a Mombasa da Ingilishi, wata a Porto-Novo da Faransanci. Cibiyar Getty ta Amurka ta buɗe nata na wata guda a Al Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2018. A Auroville ta kudancin Indiya ana koyar da buga bulon ƙasa da inji da ɗaura rufin baka cikin mako ɗaya ko biyu. Ban da waɗannan akwai na manyan makarantun Turai da ke yawo gari-gari lokacin hutu, su kam da kuɗinka kake shiga, kuma rabin abin da kake saya sunan makarantar ne.

Kafin a kai ga aji akwai hanya. Euro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, don haka kwas ɗin da aka yi wa kuɗi euro 1,000 ya haura albashin wata 15 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato jika 42, ba a kuma sa jirgi da masauki ba. Biza ma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ta zama aiki, musamman ta Faransa, wadda ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Ɗan Tawa zai yi tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Yamai, sa'an nan ya ƙetara wata ƙasa neman hatimi. Wanda bai samu mai ɗaukar nauyinsa ba, da wuya ya tafi.

Amma a ce an tafi. Ni ina cikin masu ganin akwai abin da ake samowa, kuma babbansa shi ne awo. Tsohon magini idan ya isa bakin kududdufi sai ya damƙi ƙasa, ya tofa mata ruwa, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ce wannan ta yi ƙarfi, a ƙara mata yashi da haki, a cuɗa a bar ta ta kwana. Daidai ya faɗa, shekara arba'in yana faɗa daidai. Sai dai abin da ya sani a hannunsa yake, kuma na ƙasar garinsu ne. Kai shi wani kwari da bai saba da shi ba, sai ya sake lalube. A kwas kuwa za a ba ka kwalba, ka zuba ƙasa ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. Tsakuwa da yashi su fara kwanciya, lallausar ƙasa ta bi, yumɓu ya zauna a sama daga ƙarshe, ka sa ma'auni ka ga kason kowanne. Za a sa ka mulmula laka kamar igiya, ka riƙa turo ta daga bakin tebur har ta karye, tsawon guntun ya gaya maka yawan danƙonta. Za a sa ka cika wani dogon akwatin katako da ita, ka bari ta bushe, ka auna yadda ta tsuke da inda ta tsage. Daga nan a buga bulo, a ɗora masa nauyi har ya fashe, a rubuta lambar. Duk wannan ba ya gaya wa Baba magini sabon abu game da ƙasar garinsu. Amfaninsa yana wani wuri: da lamba ake magana da ma'aikatar gine-gine, da ofishin magajin gari, da ƙungiyar da za ta ba da kuɗin ajin makaranta. Babu jami'in da zai sa hannu a kan takardar kwangila don an ce masa tsoho ya murza ƙasa ya ce ta yi. Idan aka ce masa bulon ya ɗauki nauyi kaza, ga sakamakon gwaji, sai ya saurara. Ginin ƙasa ya daɗe da faɗuwa a ofis kafin ya faɗi a fili, kuma wanda ya dawo da awo a hannunsa ya dawo da abin da zai kare shi a ofis.

Akwai kuma sanin cutar gini. Ranar 3 ga Satumban 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. A Agustan 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masu sallah. Irin waɗannan gine-gine suna buƙatar mai karanta tsaga: wacce ce ta tsufa, wacce ce ke buɗewa, ta ina laima ke hawa, me gara ta ci a cikin azara. Suna kuma buƙatar mai ƙarfin halin hana abin da jama'a ke ɗauka gata ne, wato shafe bangon laka da siminti. Simintin ba ya kama laka da kyau, ruwa ya samu kafa ya shiga bayansa, ya rasa ta inda zai fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya. Wannan darasi ne da ake bayarwa a horon adana ginin ƙasa, kuma da ya isa kunnen kwamitocin masallatanmu da an tsira da bango da yawa.

Sai idon da ke buɗewa. Matashin da ya yi karatu a makarantar EAMAU ta Lome, ko a Maroko ko Aljeriya, galibi da kankare da ƙarfe aka raine shi, ya dawo yana kallon laka a matsayin abin da talauci ya tilasta. Sau da yawa sai ya zauna aji ɗaya da ɗan Yaman da ɗan Iran da ɗan Peru, ya ga ana nuna hasumiyar Agadas mai mita 27, wadda tsohon garinta ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, ana yi mata tambayoyi da girmamawa, sa'an nan yake waiwayar gida. Abin da ɗan takaici a ce sai an je Grenoble ake ganin Yama, amma haka ɗan Adam yake, kuma gara a gani a can da a ƙi gani sam.

Iyakar abin ke nan, kuma a nan ne ake yawan ruɗin kai. Mutanen da ake buga misali da su ba gajeren kwas ne ya yi su ba. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya tafi Jamus a tsakiyar shekarun 1980 da tallafin koyon kafinta, bai gama karatun zanen gini a Berlin ba sai 2004. Mariam Issoufou Kamara ta bar aikin kwamfuta ta koma aji shekaru a Jami'ar Washington kafin ta buɗe ofishinta, atelier masōmī, a Yamai a 2014. Mako biyu yana ba mutum hanyar gwaji da sunayen abubuwa da lambobin wayar abokan sana'a. Hannu kam ba ya bayarwa. Wanda ya ɗaura baka ɗaya a farfajiyar makaranta, da ƙasar da aka tankaɗe aka auna masa, malami na tsaye a kansa, bai isa ya tsaya gaban wanda ya gina rufewa ɗari ba. Duk wanda ya bi hanyar Buza ko Keita ya ga rumbunan lakar nan masu ƙaton ciki, a zaune kan duwatsu, bangonsu bai fi kaurin tafin hannu ba, an ɗaga su zobe bisa zobe ba katako ba ƙarfe, suna riƙe da hatsin shekara. Wannan lissafin nauyi ne cikakke, ko da mai shi bai taɓa rubuta shi ba. Yaron da ya dawo da takardar shaida ya ce wa irin wannan mutum "ba haka ake yi ba," zai ji an ce masa, "To ɗana, ga ƙasa, ga ruwa," a koma inuwa a zuba masa ido.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi ganin ya karkace, wato wanda ake zaɓa. Takardar neman shiga tana son digiri, da tarihin aiki a rubuce, da wasiƙar bayyana buri cikin Faransanci ko Ingilishi, da wasiƙar shugaban ma'aikata. Falke Barmu da kansa, da ya nema, ba zai wuce shafin farko ba. Saboda haka kujerar takan faɗa hannun ma'aikacin ofis na Yamai, wani lokaci ma wanda aikinsa na yau da kullum bai haɗa shi da wurin gini ba, ya je ya dawo da hotuna da ragowar kuɗin guzuri, ya rataye takarda a bango, bayan shekara a sauya masa wurin aiki. Ba kowa ne haka ba, amma tsarin bai hana hakan ba, kuma masu shirya kwas ɗin sukan auna nasararsu da yawan ƙasashen da suka halarta, ba su cika bin sawu su ga bangon da aka tayar bayan an watse ba.

Nijar kuwa ta taɓa gwada hanyar da ta juya wannan tsari, kuma ta yi aiki. A 1980 ƙungiyar Development Workshop ta kawo dabarar gini ba itace a Shikal, wajen Filinge. Asalin dabarar daga Nubiya take, ita ce Hassan Fathy na Masar ya farfaɗo da ita a shekarun 1940. Ana fara tada bangon ƙarshe, a jingina masa layin ƙananan tubala a karkace, kowane layi ya kwanta a kan na bayansa, har rufi ya rufe ba tare da an tokara shi da komai ba. Ƙubba kuma da igiya ko sanda ake yin ta, a kafa ta a tsakiyar ɗaki, tana nuna wa magini mazaunin kowane tubali. Malamai ne suka zo, ɗalibai kuwa maginan ƙauye ne, da harshensu, da ƙasar garinsu, kuma abin da aka gina lokacin horo ɗaki ne da wani zai shiga. Waɗanda suka ƙware suka zama masu koyar da na bayansu. Daga baya aikin ya bazu zuwa Ayar da Mali da Burkina Faso, ya kuma samu kyautar World Habitat a 1998. Ga ƙasa irin Adar, inda fari na shekarun 1970 da na 1984 ya cinye itace har azara ta zama sai an sayo daga nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa Turai zai ciyar da magina da yawa na tsawon irin wannan horo.

Misali mafi kusa yana Dandaji, a nan cikin jihar Tawa. Tsohon masallacin garin, wanda shi ma aikin Falke Barmu ne, ya tsufa har ana maganar rushe shi. Mariam Kamara, wadda garin mahaifinta ne, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da shawarar a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. Aka kira maginan da suka yi aikin farko suka shiga cikin gyaran, suka kawo saninsu na baka da ƙubba, su kuma aka nuna masu abin da ake ƙara wa laka don ta jure ruwa. Sabon ginin da bulon jar ƙasa aka yi shi, wanda ake matsawa da inji bayan an ɗan barbaɗa masa siminti, a lulluɓe shi ya yi makonni yana shan danshi kafin a ɗora. Inda da itace za a sa a cikin ɗakin karatun, aka sa ƙarfe. An gama a 2018, aikin ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a 2018. Abin lura a nan, ilimin waje da na gida a wurin aiki suka haɗu, tsawon watanni, kowa na ganin hannun kowa. Idan ana neman makarantar ginin ƙasa a Adar, irin wannan wurin aiki ne ya fi kama da ita.

Sai dai ko an samu awo, an samu hannu, akwai abin da babu kwas ɗin da ke koyar da shi, shi ne mai kuɗin ginin. Adar ƙasar 'yan cin rani ce. Mutumin Tamaske ko Barmu ko Kalfu da ya yi shekaru a Abijan ko Libiya yana tara kuɗi, idan ya aiko a yi masa gida, so yake a gani daga bakin hanya cewa tafiyar ta yi albarka, kuma abin da ke faɗin haka shi ne bulon siminti da rufin kwano. Ya sani sarai cewa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana, iyali a waje za su kwana. Bai jahilci sanyin ɗakin laka ba, a cikinsa aka haife shi. Amma yana da hujjar da ta wuce alfahari: ɗakin laka yana son yaɓe kafin kowace damina, yana son a duba indararo, a toshe tsagar rufi, kuma majiya ƙarfin da za su yi wannan su ne ba sa gari daga kaka har faɗuwar ruwa. Gidan da aka bar wa mata da tsofaffi, gara wanda ba ya neman hannu. Ga siminti kusa, masana'antar Malbaza a cikin jiharmu take, gwamnati kuma ta rage farashinsa a Oktoban 2024 bayan ambaliyar da ta rusa dubban gidaje, mafi yawansu na laka. Duk wanda ya dawo daga waje yana wa'azin ƙasa bai amsa maganar yaɓe da ta ambaliya ba, ba a Adar yake magana ba. Amsar kuwa akwai ta, kuma a ƙarƙashin ƙafarmu take. Arewacin Adar dutse ne ko'ina. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 ya nuna yawan abin da mutanen yankin, musamman mata, suka iya yi da shi wajen tare ruwa da gyaran fako. Harsashin dutse da ya ɗaga bango sama da inda ruwa ke kwanciya, da rufi mai baki da ke kare bango daga feshi, da daina gini a bakin ƙorama, su ne ke raba ɗakin da zai shekara hamsin da wanda zai tafi a damina ɗaya.

Don haka idan matashi ya tambaye ni ko ya nemi irin wannan kwas, sai in ce ya nema, amma ya san abin da ya rasa kafin ya cika takarda. Wanda zai tafi don ya koyi gwajin ƙasa, ko lissafin nauyin baka, ko yadda ake rubuta kundin gyaran tsohon gini, zai dawo da abin da ya je nema. Ya tafi da hotuna da awon wani gini na gida mai matsala, ya ajiye shi gaban malamai, ya matsa masu har su faɗi ra'ayinsu a kansa. Ya kuma tabbata akwai aikin da ke jiransa, ko da shagon mutum ɗaya ne, da maginin da ya yarda su yi tare, domin abin da aka koya cikin kwana goma ba ya jure shekara guda a aljihu.

Nauyi mafi girma kuwa yana kan masu aikawa da masu gayyata. Tawa tana da jami'a tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, tana da makarantun koyon sana'a, Yama da Dandaji kuma tafiyar wuni ɗaya ce a je a dawo. Babu abin da ya hana a shirya horon mako uku a nan lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da aikin gona ya ƙare kuma tubali ke bushewa da kyau. A gayyato masu awo daga Grenoble ko Auroville ko Zariya, a ba maginan Adar kujerar malamai da ladan malamai, a yi darasi da Hausa a fassara wa baƙi, a karɓi magini da shaidar ginin da ya yi a maimakon digiri. Ɗaliban waje ma za su biya su zo idan hanya ta yi lafiya, kuɗin nasu ya ɗauki nauyin 'yan gida. Maginan da suka yi aiki da Falke Barmu suna ta manyanta, kuma yawancin abin da suka sani game da ɗaura baka da itacen da ake samu a Adar ba a rubuta shi ba, ba a kuma auna shi ba.